Harbi na Biyu

Kafin a san ni da komai, an san ni da gyaran keken ɗinki. Rumfata tana bayan Kasuwar Muda Lawal, kusa da layin teloli, 'yar ƙarama ce da rufin kwano da benci ɗaya. Sunana ba zai ƙare ku da komai ba, don ko a wancan lokacin ba a kirana da shi. Likita teloli suke ce mini. Tun ina ɗauka zolaya ce har na zo ina jin haushi idan wani ya kira ni da sunan yanka. Ina so matasa su karanta wannan, musamman waɗanda Allah ya ba su hannu, wato masu iya gyara abin da ya gagari wasu.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya koya mini sana'ar. Mutum ne mai sanyi, ba ya gaggawar kwance keke. Idan tela ya kawo ƙara cewa kekensa yana tsinka zare ko yana tsallake ɗinki, Kawu ba ya ɗaukar sukundireba. Sai ya miƙa masa ƙyalle ya ce ya zauna ya yi ɗinki a gabansa, shi kuma ya koma gefe ya naɗe hannu yana kallo. Sau da yawa keken lafiyarsa ƙalau. Telan ne ke jan yadi da ƙarfi, ko yana taka feda kamar mai faɗa da ita. Kawu ya sha faɗa mini cewa in fara duba mutum kafin in duba ƙarfe. Na riƙe wannan darasi da kyau, kuma da shi na cuci wani.

Wanda na cuta shi ne Baba Yohanna. Tela ne a Yelwa, mutumin kudancin jiha, dattijo mai yawan barkwanci, yana ɗinka wa ɗalibai da malamansu kaya. Yana da gona a Miri. Idan kekensa ya yi gardama sai ya cire kan, ya ɗaure a bayan babur da roba, ya kawo mini. Tun daga nesa zai fara cewa a ba shi hanya, ya kawo mara lafiya asibiti. Bai taɓa zuwa hannu rabbana ba, ko gyaɗa ce ko ɗanyar masara sai ya riƙo mini. Yau Baba Yohanna da sanda yake tafiya, ƙafarsa ta dama ba ta lanƙwasuwa. Yadda hakan ta faru shi ne labarina.

Ni ba kwaɗayin abin duniya ne ya fara jana ba. Ciwona shi ne son a ce babu kamata. Idan aka ce an kai abu wurin masu gyara da yawa sun kasa, sai in ji jikina yana tsuma. Wani mai suna Dogo, wanda ke yawan zama a bencina ba tare da an san sana'arsa ba, ya gane wannan ciwon nawa tun kafin ni in gane shi. Da kwaɗo ya fara. Ya ce makullin shagonsa ya ɓata, ko zan iya buɗe masa? Na buɗe, ya yi ta jinjina mini a gaban mutane. Bayan nan ya kawo kan keke sabo fil ya ce in wargaza shi in sayar da kayan ciki ɗaya bayan ɗaya. Ban tambaye shi inda ya samo ba, don na san amsar. Daga nan sai makullin babur. Kowane karo ina gaya wa kaina cewa ni ban shiga gidan kowa ba, ƙarfe kawai na taɓa.

Wata ranar kasuwa da azahar, rana ta take, mutane sun ragu, Dogo ya shigo da akwatin keken ɗinki na hannu ya ajiye a ƙarƙashin teburina. Ya ce wannan mara lafiyar ba a duba ta a bainar jama'a. Na saki buhun da nake tare rana da shi, na buɗe akwatin. Cikin wani tsohon zane na ga ƙaramar bindiga, irin wadda ake ce wa fistol. Ta sha hannu, baƙin jikinta duk ya koɗe a gefe-gefe.

Da na ce muku tsoro ne ya fara kama ni da na yi ƙarya. Mamaki ne. Na yi shekaru ina buɗe cikin ƙarfe, amma ban taɓa riƙe abin da aka ƙera da tsari irin wannan ba. Ba ta da nauyi sosai, amma kana ɗauka ka san ba abin wasa ba ce. Saman ta wani dogon ƙarfe ne mai zamewa, yana ja da baya ya dawo, sumul, babu ko ɗan girgiza. A gefen hagu akwai wani ɗan siririn ƙarfe, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ban san sunansa ba, sai na sa masa sakata, don aikinsa ke nan. Idan harsashi ya ƙare, sakatar nan sai ta ɗaga da kanta ta riƙe ƙarfen saman a baya, bindigar ta tsaya baki buɗe, kamar tana gaya wa mai ita cewa ta gama. Na daɗe ina kallon wannan. Na yi ta tunanin wane irin mutum ne ya zauna ya yi wa ƙarfe dabarar da zai san cikinsa ya zama fanko. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina me aka ƙera ta ta yi ba.

Dogo ya ce matsalarta ɗaya ce. Idan ya harba sau ɗaya sai sakatar ta kama, bindigar ta tsaya a buɗe alhali akwai sauran harsashi a ciki. Ya ce ya kai wa wani maƙeri da wani tsohon maharbi, duk sun ɗaga hannu. Ya san abin da yake yi da ya faɗi haka. Na ce ya bar ta.

Kwanaki na yi a kanta, ina ɓoye ta a cikin kwalin kwarkwaro idan na ji motsi. Na kwance ta a hankali ina jera kayan a kan farin ƙyalle yadda Kawu ya koya mini, don kada in manta mazaunin kowane. Na wanke dattin da ya daskare, na sa mata man keke. Na duba ɗan sifirin ɗin, wato murɗaɗɗiyar wayar da ke danne sakatar, ko ya saki, na ga da ƙarfinsa. Na duba bakin sakatar ko ya cinye, na ga lafiya. Na zargi gidan harsashin, na juya shi ta kowace fuska, ban ga laifinsa ba. Na mayar da komai, na ja, na saki, tana tafiya kamar sabon keke. Abin ya tsaya mini a rai har abinci ya daina yi mini daɗi. A cikin kwanakin nan Baba Yohanna ya zo da kan kekensa a kan sabon babur ɗin da 'ya'yansa suka haɗu suka saya masa. Dogo yana zaune a benci, har ya tashi ya shafa tankin ya yi masa fatan alheri. Na gyara keken a gurguje, hankalina yana cikin kwali.

Da Dogo ya dawo na ce masa ban ga komai ba, sai na ga jikinsa ya yi sanyi. Ya zauna a benci. Can ya ce shi dama ya fara zargin ba ciwon ƙarfe ba ne. Ya ce ranar da mahaifiyarsa ta gane irin rayuwar da yake yi, ba ta zage shi ba, ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi ta roƙi Allah ya ɗaure hannunsa daga jinin mutane. Tun daga ranar, in ji shi, maganar take masa yawo a ka, kuma ga bindiga ta ƙi shi. Ya ce mu je daji mu gwada ta sau ɗaya. Idan ta sake ƙi, zai jefa ta a tsohuwar rijiya ya koma lodin hatsi a kasuwa, don ba zai yi jayayya da bakin uwa ba. Na kalli fuskarsa, kuma har yau na yi imani da gaske yake.

Muka tafi da la'asar sakaliya, muka wuce Miri, muka shiga bayan duwatsu inda masu fasa dutse ke aiki, don ƙara ba baƙuwa ba ce a wurin. Dawa ta fara fitar da kai, ko'ina kore shar. Ni na fara gwadawa. Ban taɓa harba bindiga ba sai ranar. Ƙarar ta shige ni har cikin haƙora, tsuntsaye suka tashi daga kan dutse gaba ɗaya, na tsaya ina jin ƙamshin hayaƙin kamar wanda aka tasa daga barci. Na sake, ta tashi. Na sake, ta tashi. Sakata ba ta motsa ba.

Dogo ya karɓa. Harbi ɗaya, ta tsaya baki buɗe. Ya saki sakatar ya sake gwadawa, ta sake tsayawa. Ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa, ya ce na gani ko, a hannuna tana yi, a nasa ba ta yi. Daji ya yi tsit, mu biyu muna tsaye da ɗan ƙarfe a tsakaninmu wanda ya yarda da mutum ɗaya ya ƙi ɗayan. Na ji a raina cewa muna gaban wani abu da ya fi mu.

Sai halin sana'a ya motsa. Na ja da baya na naɗe hannu, yadda Kawu yake yi, na ce ya riƙe ta kamar zai harba in gani. Ban kalli bindigar ba, hannunsa na kalla. Babban yatsansa na dama a karkace yake, ba ya lanƙwasuwa. Na sha ganinsa yana riƙe kofin shayi da shi a miƙe, har ya taɓa ba mu labarin cewa daga bishiyar mangwaro ya faɗo yana yaro, maɗori ya ɗora shi a haka. To wannan yatsan, idan ya damƙi bindigar, daidai ƙarƙashin sakatar yake kwanciya. Da ta girgiza sai ya tura ta sama ba tare da ya sani ba. Bindigar ba ta da ciwon komai.

Ina so ku tsaya a nan tare da ni, don nan ne duk rayuwata ta karkata. Dogo ya riga ya juya yana neman hanyar rijiyar. Babu abin da ake bukata daga gare ni sai in yi shiru. Ba sai na yi wa'azi ba, ba sai na yi jarumtaka ba, ba sai na kai ƙarar kowa ba. In ce na kasa, shi ke nan. Amma amsar tana bakina tana ƙuna, kuma ban taɓa cewa na kasa ba. Na ji ba zan iya barin wani ya tafi yana ganin ƙarfe ya gagari Likita ba.

Na ce, "Dogo, ba bakin uwa ba ne. Yatsanka ne."

Na kama yatsan da hannuna na nuna masa inda yake taɓawa, na kawar da shi. Ya gwada, ta tashi, ta sake tashi. Ya yi wata irin dariya, ya rungume ni, ya ce wallahi ni aljani ne. Na ji daɗi. Wannan ita ce gaskiyar da ta fi yi mini nauyin faɗa: a hanyarmu ta dawowa, ina bayan babur iska tana dukana, farin ciki nake yi.

Ba a yi nisa ba, wata safiya ina buɗe rumfa na ji teloli sun yi cirko-cirko suna salati. Aka ce an tare Baba Yohanna a hanyar gonarsa da rana tsaka, an harbe shi, an tafi da babur. Yana asibiti, ana ƙoƙarin ceto ƙafar. Na zauna a benci na kasa ɗaga ko allura. Teloli suka haɗu za su je dubiya, na ce cikina ke ciwo. Da aka kama Dogo wajen sayar da babur ɗin, bai wahalar da kowa ba, ya faɗi wanda ke buɗe masa makullai da wanda ya duba masa bindiga. A gaban layin teloli aka sa mini ankwa. Kawu yana tsaye a bakin wani shago, ya tsufa sosai a lokacin, ya bi hannuwana da kallo.

A kotu na yi niyyar in tsaya a kan cewa ban canza ko ƙusa ɗaya a jikin bindigar ba, kuma gaskiya ne. Sai aka shigo da Baba Yohanna a keken guragu ya ba da shaida. Ya rame, amma muryarsa tana nan. Ya ce da ya ƙi sakin babur, mutumin ya harba, harsashin ya bugi ƙasa kusa da ƙafarsa. Ya ce a nan ya ga wani abin da bai gane ba har yau: mutumin ya dubi hannunsa, ya gyara babban yatsansa a natse kamar mai tuna wani karatu, sannan ya sake harbawa. Na biyun ne ya farfasa masa gwiwa.

Babu wanda ya fahimci wannan magana a ɗakin sai ni da Dogo. Alƙali ya rubuta ya wuce. Da na yi shiru a bayan duwatsun nan, ko da Dogo bai jefa ta rijiya ba, da bindigar ta tsaya a harbin farko, wanda ya bugi ƙasa. Harbin farko nasa ne. Na biyun nawa ne, duk da ina rumfata lokacin da aka yi shi. Da aka tambaye ni ko ina da abin cewa, na ce na amsa laifina.

Shekarun da na yi a gidan yari ba zan tsaya ba ku labarin wahalarsu ba, kowa ya san ba wurin zuwa ba ne. An sa ni a ɗakin koyar da ɗinki, ina gyara kekuna, kuma a nan na sami lokacin tunani. Abin da ya fi tsaya mini ba hukuncin ba ne, yatsan nan ne. Yaro ya hau mangwaro ya faɗo, maɗori ya ɗora ƙashi a karkace, kowa ya ce tsautsayi. Shekaru suka shuɗe. Wata uwa ta ɗaga hannu ta roƙi a ɗaure hannun ɗanta, ashe an riga an ɗaure shi tun kafin ta roƙa, daidai wurin da ɗan ƙarfen da aka ƙera a wata ƙasa mai nisa zai zo ya kwanta. Wane ne zai iya auna wannan in ba Allah ba? Dogo da bai yi karatu ba ya gane, ya ce bakin uwa ne, kuma shi ne mai gaskiya. Ni mai wayo na ga yatsa kawai. Duk lokacin da na tuna sai in kama istigfari. Kawu ya rasu ina ciki, ban sami neman gafararsa ba.

Da aka sake ni, na yi makonni ina zagaye Yelwa ban iya shiga layinsa ba. Ranar da na daure na je, na same shi a shagonsa, ya yi furfura fat, sanda jingine da bango. Na durƙusa a bakin ƙofa na kasa ɗaga kai. Ya daɗe yana kallona. Na fara magana, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya ce ya daɗe da barin wannan ga Allah, don ya gaji da ɗaukarsa. Sannan ya ce tunda Likita ya dawo gari, ga mara lafiya nan, tun shekarun nan yake tsinka zare, an kai shi wurare an kasa.

Na tashi na je wurin keken. Shi ne dai wanda na sani, har da tabon da ke gefensa. Na juya shi da hannu, yana tafiya lafiya. Kafin in ankara bakina ya riga ni, na ce, "Baba, zauna ka yi ɗinki in gani."

Ya ja kujera da ƙyar, ya miƙe ƙafar dama gefe kamar itace, ya ɗora ta hagu ita kaɗai a kan feda. Ya fara takawa. Ƙafa ɗaya ba ta iya riƙe tafiyar daidai, sai keken ya yi gaba ya ɗan koma baya, zaren ya tsinke. Ya zura, ya sake, ya sake tsinkewa. Ina tsaye da hannu a naɗe, hawaye yana sauka a kan rigata. Ya ɗago ya dube ni, babu fushi a fuskarsa.

Ya ce, "To Likita, keken ne ko ni ne?"

Na ce, "Baba, ba keken ba ne, ba kai ba ne. Ni ne."

A ranar na faɗa masa abin da bai gane ba a kotu, labarin yatsan da wanda ya kawar da shi. Na ɗauka zai kore ni. Can ya share fuskarsa da ƙyallen da ke hannunsa ya ce, "Ikon Allah." Daga baya na haɗa masa ɗan injin lantarki a keken, wanda yake dannawa da ƙafar hagu, zaren ya daina tsinkewa. Gwiwar kuwa babu mai gyara ta.

Ku matasa masu hannu, ku ji daga wanda ya gani. Ba kowane mai ɓata ku ne zai zo muku da kuɗi ba, wani da yabo zai zo, ya ce an kai wa kowa an kasa sai ku. Kafin ku tambayi me ya lalace a abu, ku tambayi me za a yi da shi idan ya gyaru. Kada ku ce ƙarfe kawai kuka taɓa, ni ma haka na ce. Wani abin da kuka ga ya ƙi aiki, ba lalacewa ya yi ba, tsare wani ake yi da shi. Ku koyi cewa "na kasa" ko da kun iya. Kalma biyu ce, da na faɗe ta a bayan duwatsun Miri, da yau Baba Yohanna yana taka kekensa da ƙafa biyu.